Addu'a a Addinin Kirista: Ma'anarta da Yadda Ake Yin Ta



Akwai wata tambaya da Musulmi yakan yi wa abokin zamansa Kirista, ko a ofis ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ba kuwa da nufin tsokana ba: ku sau nawa kuke salla a rana? Sau da yawa wanda aka tambaya yakan yi jim, sa'an nan ya ce kullum, ko kuma ya ce ranar Lahadi. Mai tambaya ya tafi bai gamsu ba, mai amsa kuma ya san bai faɗi abin da ke ransa ba. Rabin wannan ruɗani daga kalmomi ya taso. Hausa ta ari kalmomi biyu daga Larabci, watau salla da addu'a. Ta farko ibada ce mai lokaci da alƙibla da raka'o'i, ta biyu kuwa roƙo ne da bawa yake yi wa Ubangijinsa a duk sa'ad da ya so. Da Likita Mila da abokan aikinsa suka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, kalmar addu'a suka ɗora wa kusan dukan nauyin, taron ibada na jama'a kuma Kiristocin Hausa suna kiransa sujada. Daga nan mutane da yawa, har da Kiristocin kansu, suka ɗauka cewa addu'ar Kirista ba ta da lokaci, ba ta da tsari, ba ta da ruwa da yadda jiki ya tsaya ko ya durƙusa. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba.

Yesu Almasihu a cikin Yahudawa aka haife shi, da addu'o'insu kuma ya tashi. Littafin addu'arsu shi ne Zabura, mai waƙoƙi 150, wanda har yau babu ɗarikar Kirista da ta ajiye shi. Littafin Daniyel ya ba da labarin yadda Daniyel yake durƙusawa sau uku a rana a Babila, tagoginsa a buɗe wajen Urushalima, ko da yake sarki ya hana. Ayyukan Manzanni kuma ya nuna Bitrus da Yahaya suna zuwa Haikali a sa'a ta tara, da Bitrus yana addu'a a kan soro a sa'a ta shida. A lissafin mutanen wancan zamani daga fitowar rana ake ƙirga sa'o'i, saboda haka sa'a ta uku hantsi ke nan, ta shida tsakar rana, ta tara kuwa wajen ƙarfe uku, gab da la'asar. A 1873 wani malamin ikkilisiyar Girka mai suna Biriyeniyos ya tarar da wani tsohon ɗan littafi a ɗakin karatu a Istambul, ya buga shi a 1883. Sunan littafin Didake, watau koyarwa, kuma masana sun kai shi ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu. A ciki an umarci mai bi ya karanta Addu'ar Ubangiji sau uku kowace rana, ya kuma yi azumi Laraba da Jumma'a. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suna riƙe da wannan azumi har yanzu.

Wannan Addu'ar Ubangiji ita ce cibiyar maganar, domin ita ce addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa da bakinsa. Wuri biyu ta zo, a sura ta 6 ta Matiyu da sura ta 11 ta Luka, ta Luka kuwa ta fi gajarta. Yabon nan da ake rufe ta da shi a yawancin majami'u ba ya cikin mafi tsufan rubuce-rubucen hannu na ƙarni na huɗu. Alama ce cewa daga bakin masu sujada ya shiga takarda. Ana iya karanta addu'ar duka cikin rabin minti, amma Tartuliyan na Kartaj ya ɗauke ta a matsayin taƙaitaccen bayanin Linjila gaba ɗaya.

Abin da ya fara jan hankali a cikinta shi ne kiran Allah Uba. A nan ne Musulmi yakan ja baya, kuma ya kamata a faɗi abin da Kirista yake nufi ba tare da ɓoye bambancin ba. Ba haihuwa ta jiki ake nufi ba, wannan kowane malamin Kirista zai ƙi ta. Abin da ake nufi shi ne mai addu'a yana zuwa gaban Allah da amincewar ɗan gida, wanda ba sai an yi masa iso ba, kuma a imanin Kirista ta wurin Almasihu ya sami wannan matsayi, abin da ya sa ake rufe addu'a da sunan Yesu. Markus ya adana kalmar da Yesu ya yi amfani da ita cikin harshen Aramiya, watau Abba, kalmar da kunnen Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. An daɗe ana wa'azi cewa kalma ce ta jarirai masu koyon magana, sai a 1988 masani Jems Bar ya nuna cewa manya ma da ita suke kiran iyayensu. Akwai kusanci a cikinta, akwai kuma girmamawa, kamar dai yadda magidanci mai furfura yake ce wa mahaifinsa Abba yana sunkuyar da kai.

Jerin roƙe-roƙen ma darasi ne. Uku na farko a Matiyu duk a kan Allah suke: tsarkin sunansa, mulkinsa, da nufinsa. Sai bayan su bukatar ɗan Adam ta shigo, kuma bukatar da aka ambata abincin yini ne kawai. Kalmar Girkanci da ta siffanta abincin, efiyusiyos, ta wahalar da masu fassara tun dā. Orijin na Iskandariya ya ce bai same ta a rubutun wani Bagirke ba, har yana tsammanin marubutan Linjila ne suka ƙirƙire ta. Jerom, da ya zo juya Littafin zuwa Latin, ya fassara ta da ma'ana ɗaya a Matiyu, da wata dabam a Luka. Ko abincin yau ne, ko na gobe, ko wanda rai ba ya tsayuwa sai da shi, babu fassarar da ta kai ta ga rumbu cike ko gida mai bene. Sifiriyan, bishop na Kartaj, ya lura da wani abu kuma: daga farkon addu'ar har ƙarshenta babu "ni", sai "mu". Wanda ya roƙi abinci ya roƙa wa jama'a duka, ko da shi kaɗai ne a ɗakinsa.

Roƙon gafara ne ya fi kowanne nauyi, domin shi kaɗai ne aka ɗaura wa sharaɗi, shi kaɗai ne kuma Yesu ya koma ya yi wa sharhi bayan ya gama addu'ar. Matiyu ya ce basusuka, Luka ya ce zunubai, dalili kuwa shi ne a Aramiya kalma ɗaya ce take ɗauke da ma'anonin biyu. Mai addu'a yana roƙon a yafe masa gwargwadon yadda shi ya yafe wa waɗanda yake bi. A sura ta 18 ta Matiyu akwai misalin bawan da sarki ya yafe wa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya ladan lebura ne na yini, talanti ɗaya kuwa wajen dinari 6,000 ne, saboda haka bashin farko ba wanda zai iya biyansa ko da zai rayu sau dubu, na biyu kuwa aikin wata uku ne da 'yan kwanaki. Duk wanda ya karanta wannan addu'a da safe alhali yana riƙe da wani a zuci, ya san da bakinsa ya yanke wa kansa hukunci. Roƙon da ya biyo baya, na kada a kai mutum ga jarraba, shi ma ya tā da muhawara, domin Wasiƙar Yakubu ta ce Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta. Katolikan Faransa sun sauya lafazinsa a 2017, na Italiya kuma suka bi baya a 2020.

Abin lura ne cewa littattafai uku mafi tsufa da aka rubuta musamman a kan addu'ar Kirista, 'yan Afirka ne suka rubuta su: Tartuliyan wajen shekara ta 200, Orijin wajen 233, da Sifiriyan wajen 252. Kartaj tana gefen birnin Tunis na yau, Iskandariya kuwa tana Masar. Masu cewa wannan ibada kayan Turawa ce da jirgin ruwa ya kawo, sai su tuna cewa a lokacin da waɗannan malamai suke rubutu, kakannin Ingilishi ba su ko shiga ƙasar Ingila ba.

Orijin ne ya fuskanci tambayar da ta fi kowace wuya, wadda ɗalibin ilmin tauhidi na kowane addini zai gane ta nan take. In Allah ya riga ya san abin da zai faru, ya kuma ƙaddara shi, mene ne amfanin roƙo? In abin zai zo, zai zo ko ba a roƙa ba; in ba zai zo ba, roƙo ba zai kawo shi ba. Amsarsa ita ce sanin Allah bai kashe zaɓin mutum ba, kuma addu'ar da mutum zai yi da son ransa tana cikin abubuwan da Allah ya sani tun fil'azal, ya kuma shirya al'amura da ita a ciki. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya, ya ɗauko tambayar ta wani gefe. Wata attajira mai suna Furoba, wadda mijinta ya rasu, ta gudo Afirka bayan da Alarik ya washe birnin Rum a 410, ta rubuto masa tana tambaya yadda za ta yi addu'a. Ya amsa mata cewa ba a yin addu'a don a sanar da Allah abin da bai sani ba. Ana yin ta ne don marmarin mai roƙo ya faɗaɗa, har zuciyarsa ta iya ɗaukar abin da Allah yake shirin bayarwa. Ya kuma bambanta yawan magana da yawan addu'a, ya kawo misalin sufayen hamadar Masar, waɗanda suke jefa gajerun addu'o'i kamar kibau, don kada hankali ya gaji ya watse. A cikin amsoshin biyu, ta Agustin ce ta fi shiga rayuwar masu bi, watakila domin ba ta bukatar mutum ya warware matsalar ƙaddara kafin ya durƙusa.

Game da jiki da lokaci, Kiristocin farko gabas suke fuskanta, a tsaye, hannuwa a ɗage. Tartuliyan ya ce addu'ar safe da ta maraice wajibi ne, ya kuma ƙarfafa sa'o'in nan uku na rana. Ya san masu wanke hannu kafin addu'a, amma ya gargaɗe su cewa hannu mai tsabta ba ya amfanin zuciya mai datti. Majalisar Nikiya ta 325 ta kafa doka cewa ranar Lahadi a tsaye za a yi addu'a, ba a durƙushe ba, domin ranar murnar tashin Almasihu ce. A ƙarni na shida Binidik ya tsara wa sufayensa a Italiya lokuta bakwai da rana da ɗaya da dare, a sauke Zabura duka kowane mako. Kibɗawa suna da littafin sa'o'i bakwai, suna kuma kai goshi ƙasa, Habashawa kuma sai sun tuɓe takalma suke shiga masujada. Katolika suna jan carbi, mabiya ɗarikar Otodoks kuma suna maimaita sunan Yesu da igiya mai ƙulle-ƙulle. Waɗannan ɗariku biyu suna neman Maryamu da tsarkaka su roƙa musu, abin da Furotesta suka ƙi ƙememe, suna cewa matsakanci ɗaya ne.

Da gyaran addini ya zo a ƙarni na goma sha shida, aka sauko da addu'a daga gidan sufaye zuwa gidan talaka. Tomas Kiranma ya harhaɗa lokutan nan takwas suka zama biyu, safe da yamma, cikin Ingilishi, a littafinsa na 1549. Bugun 1662 na wannan littafi ne 'yan mishan na Angilika suka shigo da shi Nijeriya, aka fassara shi cikin Yarabanci da Ibo da Hausa. Martin Luta kuwa, a 1535, ya rubuta ɗan littafi a kan addu'a domin wanzaminsa, Bitrus. Ya ce masa kamar yadda wanzami yake tsai da ido da hankali a kan aska, in ba haka ba ya yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro, haka addu'a take bukatar zuciya duka. Ya koya masa ya ɗauki kowace gaɓa ta nassi ya juya ta sau huɗu: me ta koyar, me za a gode a kai, wane laifi ta tona, me za a roƙa. Ikkilisiyar Katolika ba ta buɗe ƙofar yin babbar sujada cikin harsunan jama'a ba sai a 1963, lokacin Majalisar Batikan ta Biyu. Ke nan amsar tambayar ofis ta danganta da ɗarikar wanda aka tambaya: limamin Katolika yana da lokuta na wajibi, ɗan Angilika yana da safe da yamma, ɗan ECWA kuwa ba a ɗora masa adadi ba, an bar shi da umarnin Bulus na yin addu'a ba fasawa, wanda in an duba ya fi adadi wuya.

Akwai fanni guda da ya shafi ma'aikatan gwamnati kai tsaye. Bulus ya umarci Timoti a riƙa yi wa sarakuna da masu iko addu'a, alhali masu ikon zamaninsa ba Kirista ba ne. Wasiƙar Kilemen na Rum, wajen shekara ta 96, tana ɗauke da doguwar addu'a domin masu mulki. Amma Kiristocin nan sun bambanta roƙar wa sarki da roƙon sarki. Sun yarda su nema wa Kaisar lafiya da adalci, sun ƙi miƙa hadaya ga gumakansa, kuma a kan wannan ƙi ne aka fille wa Sifiriyan kai a 258. Addu'a domin mai mulki ba ta zama mubaya'a ga zaluncinsa ba. Babban Bishop Janani Luwum na Yuganda, wanda littafin ɗarikarsa ya tanadi addu'a domin shugabanni, ya kai wa Idi Amin ƙorafi a kan kashe-kashen da ake yi, aka kashe shi a watan Fabrairu na 1977. Abin mamaki kuma, misalai biyu na Yesu a kan addu'a a sura ta 18 ta Luka duk ma'aikatan hukuma ne a cikinsu. Na farko alƙali ne marar tsoron Allah, wanda wata gwauruwa ta yi ta yi masa zarya har ya gaji ya bi mata hakkinta. Na biyu mai karɓar haraji ne, wanda ya tsaya daga nesa a Haikali yana bugun ƙirji yana neman jinƙai, shi ne kuma aka karɓa, aka bar Bafarisiyen da ya tsaya yana lissafa wa Allah azuminsa da zakkarsa.

Saura maganar addu'ar da ba a amsa ba, wadda a kanta ne mutane suka fi barin addu'a. Nassi bai ɓoye ta ba. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma miƙa wuya ga nufin Uba, kafin gari ya waye an kama shi. Saboda haka malamin da ya yi wa mutane alkawarin cewa kowace addu'a tana da amsar da suke so, in dai bangaskiyarsu ta kai, ya faɗi abin da littafinsa bai faɗa ba, ya kuma ɗora wa mai ciwo laifi a kan ciwonsa. Wanda ya sa wa addu'a farashi kuwa ya bi sawun Saminu mai sihiri, wanda Bitrus ya tsawata wa a Samariya don ya so sayen baiwar Allah da kuɗi. Haka nan masu ɗora lasifika a kan rufi su hana unguwa barci har asuba, da wuya su daidaita aikinsu da umarnin nan na sura ta 6 ta Matiyu, inda aka ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

A Nijeriya wannan muhawara ta taɓa rayukan mutane. Lokacin annobar mura ta 1918, da aka rufe majami'u, wasu 'yan Angilika a Ijebu-Ode suka kafa ƙungiyar addu'a. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne aka sami ikkilisiyoyin da ake kira Aladura, watau masu addu'a. Kalmar Yarabanci adura da addu'ar Hausa tushensu ɗaya. Kerubim da Serafim ta kafu a 1925 a hannun Musa Orimolade da Kiristiyana Abiyodun, a 1930 kuma dubban mutane suka yi tururuwa zuwa Ilesha wurin Yusufu Babalola neman warkewa. Lalle ne a yaba musu, domin sun mayar da addu'a hannun talakawa cikin harshensu da kiɗansu, a lokacin da 'yan mishan suke ɗari-ɗari da batun warkarwa. Amma waɗansunsu sun haramta magani ɗungum, na gargajiya da na asibiti, har wannan ya raba su da Turawan ikkilisiyar Afostolik wajen 1940, da aka gane Turawan suna shan kwinin don zazzaɓi. Yawancin ikkilisiyoyi ba su bi wannan hanya ba. Sun karanta umarnin Wasiƙar Yakubu na kiran dattawa su yi wa marar lafiya addu'a su shafa masa mai, ba su kuwa ga haramcin likita a ciki ba. A Wusasa, inda mishan ya koma daga birnin Zariya a 1929, majami'a da asibiti a wuri ɗaya aka gina su. Asibitin sunan Luka aka sa masa, mutumin da Bulus ya kira likita, wanda kuma ya fi sauran marubutan Linjila uku ba da labarin lokutan da Yesu ya keɓe kansa domin addu'a.